Gogo Biyu a Jeri Ɗaya

Gazawa, Nuwamba 2010

Zuwa ga taubashina Musbahu, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, ya ƙarin haƙuri. Mu nan lafiya lau, sai ɗan tarin da sanyi ya fara kawo wa yara a lakol, makarantarmu. An gama yankan gero, wake ma ya fara shigowa, bana dai ba a yi kuka irin na bara ba.

Na kira salularka har na gaji, ba ka ɗauka, shi ya sa na koma takarda kamar zamanin kakanninmu. Direban motar Yamai zai kawo maka ita buro, wurin aikinka.

An yi sadakar arba'in ɗin Rahina a Cadakori, na je. Ba ka zo ba, ban ce komai ba, don na san aikinka, na kuma san halinka tun kana cin ƙasa. Amma akwai abin da ba zan yi shiru a kai ba. Mutane sun taso daga Tibiri, daga Agye, daga Gidan Rumji, wasu a amalanke, suka zo Gangara suka yi maka ta'aziyyar matarka, wasu suka wuce har Cadakori. Har yau ba wanda ka bi da bangajiya. Ba ƙafa, ba saƙo.

Ga inda maganar ta shafe ka. 'Yarka Ummuhani tana hannun Gogo surukarka tun ranar da ka kai ta. Tana lafiya, har kumatu ta yi. To Labo, ƙanen Rahina, ya faɗa mini ranar arba'in Kawu Maikuɗi, yayan Gogo, ya ce a zaure mutumin da bai iya ce wa jama'a sannu da zuwa ba, ba zai iya riƙon 'ya mace ba, gara a bar ta ta girma a ɗakin kakarta. Ba wanda ya musa masa. Gogo ba ta ce komai ba tukuna, kuma ita ce mai yankewa.

Ni na haɗa ka da Rahina tun muna aji ɗaya da ita a Maraɗi, don haka ina da bakin magana. In kana son 'yarka ta dawo hannunka, ka zo ka zaga mutane. In ba za ka samu konje ba, hutun aiki nake nufi, ka rubuta wa kowa, ko layi biyu ne. Labo yana biyowa Gazawa sayen wake, shi zai kai na yamma, ni in kai na Gangara.

Ka riƙa cin abinci. An ce ka rame har wandonka yana neman igiya.

Taubashiyarka,
Ummukulsum

Yamai, Nuwamba 2010

Zuwa ga Ummukulsum.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode. Lafiyata ƙalau, ba inda ke mini ciwo. Ina ci, ina barci, ina zuwa buro. A gaida maigida da yara.

Salula ina jin ta. In na ɗauka sai a ce ya haƙuri, in ce da godiya, sai a yi shiru ana jiran in ƙara wani abu, ni kuma ba ni da shi.

Konje ba zai samu ba sai an gama zaɓuɓɓuka. Ƙungiyar da nake wa aiki tana sa ido a kan zaɓe, kuma tunda sojoji sun ce za su mayar da mulki, an jera ƙuri'u wata bayan wata har cikin Maris. Muna da na'ura a kowane buronmu na jihohi, ita ke karɓar rahoton masu sa ido ta turo Yamai. Ni ke tsara su duka daga kujerata.

Kin sha tambayata me nake yi takamaimai, ina ce miki ordinata kawai, wato kwamfuta. Bari yau in gaya miki, tunda shi kaɗai nake iya magana a kai. Kowace na'ura tana bukatar takardar tsari da za ta gaya mata sunanta, da garin da take, da lambarta, da wadda za ta aika wa rahoto. Da can da hannu ake rubuta wa kowace tata, sai a gyara kuskure a ta Tawa a manta da ta Dosso. Yanzu takarda guda nake rubutawa, muna ce mata mazubi, in bar gurabe a inda suna da gari da lamba za su shiga. Gefe guda kuma in rubuta jeri, Maraɗi da lambarta, Agye da lambarta, haka har ƙasa. Sai in ba da umarni, ordinata ta bi jerin ɗaya bayan ɗaya, ta zuba kowane suna a gurbinsa, ta fitar da takarda, ta ajiye ta da wannan sunan. In an buɗe sabon buro, layi ɗaya nake ƙarawa. Aikin ba ya tambayata yadda nake ji, shi ya sa nake daɗewa a kansa.

Na gwada abin da kika ce. Na ɗauki biro na rubuta "Zuwa ga Kawu", na zauna ina kallon takardar har aka kira azahar. Ba baƙin ciki ne ya hana ni ba, da shi ne da na gane shi. Babu komai ne a wurin. Takalman marigayiya suna bakin ƙofa, ina tsallake su safe da yamma.

Ina son Ummuhani ta dawo. Akwai maƙwabciya da ta ce za ta riƙe ta in ina buro.

Kwanakin makoki ban san wanda ya zo ba, hannuwa kawai nake tunawa. Ki rubuto mini sunayen mutane da garuruwansu. Kowa zai samu tasa.

Musbahu

Gazawa, Disamba 2010

Zuwa ga Baturen Yamai.

Bayan gaisuwa, muna lafiya, maigida yana amsawa. Ƙaramin ne ya yi kwana biyu da zazzaɓi, ya tashi.

Na karanta bayanin aikinka sau biyu. Ashe duk karatun nan da kawunmu ya sayar da bijimi a kai, tandar masa aka koya maka, ƙullu ɗaya gurbi da yawa. Irinku muna da su a bakin tashar Gazawa, kuma nasu ana ci.

Ga sunaye nan a takarda ta biyu, gari gari. Na fara da Cadakori tunda can ne maganar take, na rufe da Gangara. Manya na rubuta su yadda muke kiransu, Kawu Maikuɗi, Baba Sanda, Gogo, don hannuna ba zai rubuta sunan yanka na wadda ta goye ni ko ta haifi ƙawata ba. Kai ma ka san kowa.

Na ji daɗi da ka ce kowa zai samu tasa. Na gaya wa Labo, shi kuma ya gaya wa Gogo. Ya ce tana tankaɗe, ta tsaya, ta ce, "Shi da kainai za shi rubuto?" Ya ce mata e. Tun daga nan duk ranar da ya koma gida daga kasuwa sai ta duba hannunsa kafin ta amsa gaisuwarsa.

Takalman nan ka ɗauke su ka sa a akwati, Ummuhani za ta so su wata rana.

Ummukulsum

Gazawa, Janairu 2011

Musbahu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Ban tambayi taka ba, don na ga hannunka yana aiki.

Ƙunshinka ya iso, bugun inji, fari tas kamar takardar gwamnati. Na kai na Gangara da kaina. Da farko mutane sun yi murna, Gogo ƙanwar babanka har cikin kwalla ta sa tata. Ranar kasuwa aka kawo su wurin mushe, malamin lakol, ya karanta, ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, a ta uku yaran da ke wurin suka fara karɓa masa baki. Duka magana ɗaya ce, suna kawai ya bambanta. A Gangara dariya aka yi, aka ce ɗan Nomau ya zama gidan rediyo. Naka ne, sun yafe.

A Cadakori ba a yi dariya ba. Labo ya isa da la'asar, ya zauna a tsakar gida yana rabawa. Kawu Maikuɗi ya samu, maƙwabta sun samu, har mai sayar da kananzir da ya leƙo makoki sau ɗaya ya samu. Gogo ta canja zane, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta kori yara. Labo ya bi takardun daga sama har ƙasa, ya sake bi, ya zazzage ambulof. Babu tata.

Don ya rufe abin sai ya hau karanta ta Kawu, da bai yi ba. "Zuwa ga Kawu Maikuɗi na Cadakori. Ina godiya da zuwanku ta'aziyyar marigayiya. Allah ya ba da lada, ya mayar da kowa gida lafiya." Kawu ya ce, "Wane gida za a maishe ni? Ɗiyarmu ce ta rasu, nan munka zauna anka iske mu. Mu za a yi ma godiyar zuwa?" Daga nan ya ce magana ta ƙare, yarinya ta zauna ke nan. Gogo ta naɗe tabarmarta ta ce, "Ba a tambaye ka ba tukuna." Ta shige ɗaki. Wannan 'yar kalmar ita ce duk abin da ya rage maka a gidan.

Ni na rubuta sunan Gogo, ita ce ta farko a takardata. Ni na sa aka gaya mata ta jira. Yau ko hanyar Cadakori ina jin kunyar kallo. Na ji haushinka sosai, ba kuma wasan taubasai nake yi ba.

Ka gaya mini gaskiya. In wani abu ne tsakaninka da surukarka wanda ban sani ba, in ka tsallake ta da gangan, ka faɗa, in janye hannuna.

Ummukulsum

Yamai, Fabrairu 2011

Zuwa ga Ummukulsum.

Bayan gaisuwa, ina lafiya. Na daɗe ban amsa ba, an yi zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, na'urar Difa ta yi ta yankewa. An ce sai an je zagaye na biyu.

Ba da gangan ba ne. Ba abin da ke tsakanina da ita sai alheri.

Na duba abin da ya faru. Na gaya miki ordinata tana ajiye kowace takarda da sunan mai ita. A jerin akwai Gogo biyu, ta Cadakori a sama, ta Gangara a ƙasa. Ta fitar da ta Cadakori ta ajiye da sunan Gogo. Da ta iso Gangara ta sake samun Gogo, ta fitar da sabuwa ta ɗora a kan ta farko, ta farkon ta shafe. Ba ta nuna alamar kuskure ba, don a wurinta ba kuskure ba ne. A aikinmu abin ba ya faruwa, ba mu da gari biyu masu suna ɗaya. Na ga takardu sun fito da yawa, na naɗe na ba direba. Ba laifinki ba ne, ni ya kamata in duba.

Na gyara. Yanzu suna da gari ne ke haɗuwa su zama sunan takarda, ba wadda za ta sake hawa kan wata. Na kuma ƙara sharaɗi a mazubin, in mutum ɗan gidan rasuwa ne, layin godiyar zuwa da na komawa gida ba za su fito ba, wani layi ne zai maye gurbinsu. Na gwada, ya fito daidai. Ga tata nan da sabuwar ta Kawu, ki ba Labo.

Na karanta inda kika ce ta shimfiɗa tabarma. Na san ya kamata wurin ya yi mini zafi. Na sake karantawa ko zai zo, bai zo ba, kamar rahoton Difa nake dubawa. Ban san abin da ya same ni ba, Ummukulsum. Ina gaya miki ne don kada ki zaci raini ne.

Takalman na sa su a akwati.

Musbahu

Gazawa, Fabrairu 2011

Zuwa ga Musbahu.

Bayan gaisuwa, lafiya muke. Sanyi ya fara ja da baya.

Ga takardunka biyu nan na mayar maka. Ban ba Labo ba. Na yarda ba raini ba ne, haushin ma ya sauka, tausayinka ya maye wurin, wanda ya fi haushin nauyi. Amma ba zan bari a sake karanta wa matar nan bugun inji ba, ko da sharaɗi goma ka ƙara.

Kai ba ka gane abin da take jira ba, ni ma sai makon jiya na gane. Labo ya ce suna zaune tana sussukar gero, ba ta dube shi ba, ta ce, "Waccan, ta samu ta ci wani abu kuwa?" Ya ce wa? Ta ce, "Uwar yarinyar ga." Ya ce bai sani ba, shi ma ba ya Yamai. Ta ci gaba da sussukarta.

Ka manta Rahina 'yar fari ce. Gogo ba ta taɓa kiran sunanta ba tun da ta haife ta, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba. A makoki ina wurin, kowa yana kuka, ita tana zuba wa baƙi fura, don kunyar 'yar fari ba ta bari uwa ta yi kuka a fili. An binne ta a Yamai, ba ta ga gawa ba. Abin da aka gaya mata a salula shi ne Allah ya yi mata cikawa, shi ke nan. Da ka kai Ummuhani, daga bayan ƙofa ka durƙusa ka gaishe ta kamar yadda suruki ke yi, ta amsa daga ciki, ka tashi ka tafi. Ba za ta iya tambayarka ba, kai ma ba za ka iya zama gabanta ka faɗa ba. Takarda ce kaɗai hanyar da ba ta keta kunyar kowa, shi ya sa ta canja zane ran nan.

Ba godiya take so ba. So take ta ji yadda 'yarta ta yi kwanakinta na ƙarshe, me ta ci, me ta ce, wa ke kusa da ita. Kai kaɗai ke ɗakin. Ba na ce sai ka ji wani abu kafin ka rubuta ba. Ka rubuta abin da ka gani kawai, yadda kake rubuta rahoton Difa ɗin.

Ƙarshen Maris za a ba mu hutun lakol, zan je Cadakori. In da abin karantawa a hannuna, ni da kaina zan karanta mata, mu biyu a ɗaki. In babu, zan gaishe ta in dawo, ba kuma zan sake yi maka maganar Ummuhani ba.

Ummukulsum

Yamai, Maris 2011

Ummukulsum,

Ina lafiya. An gama zagaye na biyu, na'urori duk sun yi aiki, an yi mana godiya a buro. Na yi makonni da takardarki a aljihu. Ga abin da na iya. Da biro ne, ki yi haƙuri da rubutun. Ban sake karantawa ba.

Zuwa ga Gogo.

Ina gaisuwa, ina durƙushe. A gafarce ni, zan ambaci sunanta.

Rahina ta fara zazzaɓi ƙarshen damina. Ta ci gaba da zuwa lakol tana koyarwa, ta ce na sauro ne, zai wuce. Da ya ƙi sauka na kai ta asibiti, aka ba ta gado kusa da taga. Ta ce gadon ya fi namu, matashin kai ne ba kirki, na kawo mata na gida.

Ta ci abinci. Kwanakin farko ta ci shinkafa kaɗan. Daga baya ta ce kunun tsamiya take so, maƙwabciyarmu ta dama, na kawo. Ta sha rabin kofi, ta ce ba laifi, amma an tace shi da yawa, na Cadakori yana da ɗan tsaki a ƙasa. Washegari ma ta sha. Ruwa ba ta daina sha ba har ƙarshe.

Na ce zan kira ku. Ta ce kada in kira, hanya ta lalace da ruwa, kuma in kin ji za ki shiga motar kasuwa tare da awaki ki taho, ƙafarki kuma ba ta son zama. Ta ce a bari ta warke ta zo da kanta. Na bi maganarta.

Ta sa na yanke mata farce. Ta ce takalmin Ummuhani ya matse ta, a sayo mai girma. An kawo mata yarinyar, ta kwance mata kitso guda ta sake, ta gaji, ta bar sauran.

Ta yi maganarki. Wata mata a gadon kusa tana ta kiran 'yarta da suna, sai Rahina ta yi dariya ta ce mini, "Ni Gogo ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma ko cikin yara goma muke ta ce ke, na san da ni take." Ta ce in kin aike ta rijiya kina tsayawa bayan danga har ta dawo, kina tsammanin ba ta gani.

Ranar ƙarshe ba ta yi magana sosai ba. Ta yi azahar a kwance. Bayan la'asar numfashinta ya canja, na riƙe hannunta, ina yi mata kalmar shahada, leɓɓanta suna bi. Ba ta yi wahala ba. Ba ita kaɗai ba ce, ina wurin. Matan unguwarmu suka yi mata wanka, mutane da yawa suka yi mata salla. Kabarinta yana kusa da wata bishiyar bedi, na san wurin, in kin zo zan kai ki.

Abin da na gani ke nan.

Surukinki,
Musbahu

Ummukulsum, da na kai wurin danga sai na ajiye biro na fita waje. Ban san ko abin ne ya fara zuwa ba. An ce za a ba ni konje cikin Afrilu.

Gazawa, Afrilu 2011

Zuwa ga taubashina Musbahu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na dawo lafiya, zafi ne kawai ya sako mu gaba. A rediyo mun ji an miƙa mulki, ka huta ke nan.

Na je Cadakori. Na iske Gogo tana ɓarar gyaɗar iri a ɗaki. Na ce mata ga saƙo daga Yamai, na hannu ne. Ba ta canja zane ba wannan karon, ta dai ce in tura ƙofa.

Na karanta tun daga farko. Hannunta bai tsaya ba, tana ɓara tana jefawa a ƙwarya. Wurin kunu ta ce, "Ta sha rabi?" Na ce rabi, washegari ma ta sha. Ta gyaɗa kai. Wurin motar kasuwa ta ce, "Da na taho kam." Wurin danga ni ce na kasa, na tsaya na share fuska, ita ta jira ni. Sai daga baya na lura gyaɗar take zubarwa ƙasa, ɓawon take sawa a ƙwarya.

Da na gama ta ce in koma farko, in karanta duk inda ka faɗi sunan, in ɗaga murya kaɗan. Na karanta. Ba ta yi kuka ba. Ta karɓi takardar ta naɗe, ta ɗaure a bakin zane. Muka zauna muka tsince gyaɗar daga ƙasa.

Da yamma ta aika aka kira Kawu Maikuɗi. Ya fara magana ta tare shi, ta ce, "Ɗiya ta ubanta ce. Shina wurin sa'adda ba mu nan." Kawu ya ɗauki sandarsa ya fita.

To ka samu abin da kake so. Amma ga saƙonta, yadda ta faɗa nake rubuta maka. Ta ce kada ka aiko direba, kada ka aiko ni. "Shi taho da kainai, shi zamna kwanaki, shi ci tuwon gidan ga, shi bari yarinya ta saba da shi kahin shi ɗauke ta. Ba ni son a sa ta mota tana kuka."

Na ce mata ai ubanta ne, ba sai an saba ba. Sai ta leƙa tsakar gida ta kira Ummuhani. Yarinyar ta zo da gudu, ƙafa duk ƙasa, ta yi tsawo, bakinta ya buɗe, Gobiranci take yi tsantsa. Gogo ta ce mata, "Babanki na tahe." Ta waiga zaure inda Labo yake ɗaure buhunan wake, ta nuna shi da yatsa ta ce, "Ga shi can, ya riga ya zo."

Ka nemi konjen mai tsawo.

Taubashiyarka,
Ummukulsum